Abin da Zanen Kawu Ya Rufe

Batusangkar, Maris 2002

Refni,

Kada ki karanta wannan takarda a tsaye, ido ɗaya a kanta ɗaya a kan kwamfutar nan taki. Nemi wuri ki zauna. Idan kika karanta ta da rabin hankali kamar yadda kika saba, zan gane daga amsarki, kuma ba za ki ji daɗin wadda za ta biyo baya ba.

Bayan haka, assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta. Babanki yana kasuwar Bukittinggi da yadukansa, sai ranar Juma'a muke ganinsa. Ina fatan kina sallah a kan lokaci, kuma kina cin abincin kirki, ba taliyar leda ba.

Kawunki Datuak, shugaban danginmu, ba shi da lafiya. Kin sani, amma da alama sanin bai kai miki zuci ba. Mun je mun ɗauko shi daga gidan matarsa kamar yadda muka gada: namiji idan ciwo ya kwantar da shi, gidan uwarsa yake komawa, 'yan'uwansa mata su yi jinyarsa. Matar tasa, Uni Jus, ta yi kuka, wai a bar mata shi. Na ce mata aro muka ba ta, ba kyauta ba. Yanzu tana kawo abinci, ta zauna a zaure kamar kowane baƙo, ta gaishe shi daga bakin ƙofa ta koma.

Ni nake shafa masa magani, hannuwa da baya da ƙwauri. Fatar ta yi jajir, tana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Ganyen ayaba nake shimfiɗa masa don ya ji sanyi. Mutumin da yake tsayawa gaban dangi ya yi jawabin neman aure har mutane su manta da yunwa, yau ba ya gama Fatiha bai sosa jikinsa ba.

Likitan Padang ya ce ciwon daji ne na fata, maganinsa wani haske ne da ake haska wa jiki duka, kuma asibitinku na shirin fara yi. Ke da bakinki kika ce bayan Babbar Sallah. Sallah ta wuce, naman ma ya ƙare. Maƙwabciyarmu Nurlis da ta kai miki rendang, naman nan da nake dafawa da kwakwa, ta dawo tana ba mutane labari, wai ta same ki kina manna wa wani gunkin roba 'yan ƙananan abubuwa kamar mai yi wa amarya kwalliya. Wannan ne aikin? Karatun nan duka, ko allura ba kya yi, sai wasa da gunki? Ki tuna wanda ya tsaya ya ce a bar ki ki ci gaba da karatu lokacin da dattawa suka ce ya isa haka. Shi ne yake kwance a kan ganye.

Ban kira ki ba, don shagon wayar garin nan bangonsa na katako ne, abin da ka faɗa da safe kafin azahar ya kai kasuwa. Ki rubuto mini rana, ba bayani ba.

Mahaifiyarki,
Darnis

Jakarta, Afrilu 2002

Amak,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina sallah, rendang ɗin ya iso. Allah Ya ba Kawu sauƙi, Ya saka miki da alheri. A zaune na karanta.

Kin ce ba kya son bayani, amma ki yi haƙuri da kaɗan. Hasken nan ƙwayoyin lantarki ne da inji yake fesowa. Ana so su shiga fata su tsaya nan, kada su kai kaurin ɗan yatsa. In suka gaza, ciwon yana nan. In suka zarce, mun cuci naman da ba shi da laifi. Injinmu an saba amfani da shi a ɗan wuri kamar tafin hannu. Bai taɓa haska mutum daga kai har ƙafa ba. Aikina shi ne in gina injin da ɗakin da mutumin a cikin kwamfuta, in yi ta jefa ƙwayoyin nan ina lissafin inda kowace ta faɗa, sannan in gwada a jikin mutum-mutumin da Nurlis ta gani. Abubuwan da nake manna masa su ke gaya mini yawan hasken da ya samu. Har watan jiya lissafina da awon ba su daidaita ba daga gwiwa zuwa ƙasa, saboda daɓen ɗakin yana dawo da haske. Mun sa an yi dandamalin katako, yanzu sun kusa haɗuwa. Ba zan tsayar da Kawu a gaban abin da ban tabbatar ba. Likita ya ce a kawo shi farkon Mayu.

Ga abin da za ki gaya masa tun yanzu. Zai tsaya can nesa da injin, bayan wani allon roba mai kama da gilashi, ya ɗaga hannuwa, ana juya shi fuska shida. Za a rufe masa idanu da dalma. Gashinsa zai zube. Kuma zai tsaya babu zane, Amak. Ƙullin zane a ƙugu ya isa ya tare hasken.

Abu na biyu ya fi muhimmanci. Kin ce hannuwa da baya da ƙwauri kike shafawa. Likita ya ce ciwon nan ya fi son inda rana ba ta gani: ƙugu, mazaunai, cinyoyi. Wa yake duba wurin? Don Allah ki bar Mintuo Jus, matar Kawu, ta shiga ɗakin ta duba mijinta, ta gaya mana ko akwai kumburi mai tauri ko gyambo. Muna bukatar sani kafin ya taso.

'Yarki,
Refni

Batusangkar, Afrilu 2002

Refni,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an gama dashe. Gwiwata ta tashi, amma ba ita ta hana ni barci ba.

Na karanta takardarki sau biyu, na wanke hannuna. Ashe Jakarta har kunya take cirewa. 'Yar da na haifa ta ɗauki alƙalami ta rubuta mazaunan kawunta a takarda, ta manna mata kan sarki, ta bi hannun mutanen gidan waya! Ke da ko tabarma ɗaya ba ki isa ki hau da shi ba. Ke da in yana zaure sai kin rage murya a kicin. Kin san ko wane ne shi? Sunan gidan nan a kansa yake. In aka ce Datuak, ba mutum ɗaya ake nufi ba, mu duka ne, har da kakannin da ke kwance a bayan masallaci. Shi za a tsayar tsirara, hannu a sama kamar ɓarawon da aka kama, a asibitin da 'yar ƙanwarsa take yawo a ciki?

Ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba. Na ce masa injin ne bai gama gyaruwa ba. Ki koma wa kwamfutarki ki lissafa da zane. Ke da kika iya lissafin daɓen ɗaki, yadi biyu na auduga ba zai gagare ki ba. Ranar da kika rubuto cewa zai tsaya da zanensa, ranar zan haɗa masa kaya.

Maganar Uni Jus kuma, na gane abin da kike nufi, ba sai kin yi kwana-kwana ba. Wato ban iya jinya ba. Ni da na yi jinyar kakarki har ta cika a hannuna, yau sai an ɗauko mini 'yar wani dangi ta duba aikina. In ta shiga ɗakin nan, gobe garin nan zai ce gidanmu ya kasa riƙe nasa. Kawunki babba ne mai hankali. Na ba shi kwalbar magani, inda hannuna bai dace ya kai ba shi yake shafawa. Zanensa ma shi yake wankewa da kansa, don shi mutum ne mai tsabta da kamun kai, irin waɗanda ba ku da su a can.

Ki yi istigfari.

Mahaifiyarki

Jakarta, Mayu 2002

Amak,

Salam. Ina lafiya. Allah Ya sawwaƙe gwiwar.

Ban ce ba ki iya jinya ba. Na ce akwai inda idonki ba ya kaiwa, kuma ke ma kin faɗa.

Na lissafa da zanen, tunda kin ce. Na kwana biyu a kai, na kuma ɗaura wa mutum-mutumin zanen Pak Tarigan, abokin aikina, muka auna. Ƙarƙashin ƙullin, abin da ya isa fata bai taka kara ya karya ba. Ba ni na hana ba, Amak. Hasken bai san Datuak ba. Abin da likita ya yarda da shi ɗan kamfai ne na takarda, shi ma akwai ranakun da za a cire. Ni ba zan shiga ɗakin ba, ba zan kalli allon da ke nuna ɗakin ba. Pak Tarigan zai manna abin awo, maza za su tsayar da shi.

Injin ya shirya. An fara da wani dattijo daga Cirebon a gurbin da aka ajiye wa Kawu. Ki gaya masa gaskiya, shi ya zaɓa. Jikinsa ne.

Wannan wankin zane da yake yi da kansa bai kwanta mini ba.

Refni

Batusangkar, Yuli 2002

Refni,

Salamu alaikum. Ni lafiyata ƙalau, babanki ma. Kawunki yana asibitin garin nan, ana ƙara masa ruwa.

Takardarki ta Mayu da biyun da suka biyo ta duk sun iso. Ban amsa ba don na ga har yanzu kina kan bakanki. To ga abin da ya faru, ki ji da kyau, domin ke ma da hannunki a ciki.

Tun watan jiya ya daina zama. A tsaye yake cin abinci, ko a kishingiɗe, ya ce baya ne. Ranar Litinin zazzaɓi ya rufe shi. Uni Jus ta zo da kwanonta ta zauna a zaure, sai na ga tana ɗaga hanci.

"Darnis, wannan warin fa?"

Na ce ganyen ayaba ne ya kwana.

"Ganye? Na tsufa a gefen mutumin nan, ke za ki gaya mini warin ganye?"

Ta miƙe. Na ce, "Uni, nan ba gidanki ba ne." Ta ce, "To kira dattawan su fitar da ni." Ta ture ni da kafaɗa, matar da ko tsawona ba ta kai ba, ta shiga ta sa sakata. Ina tsaye ina ji.

"Ɗaga."

"Jus, ki ji tsoron Allah, gidan mutane ne."

"Gidan uwarka ne, ita kuwa ta ga abin da ya fi wannan. Ɗaga, ranka ya daɗe, ko in ɗaga maka."

Sai na ji tana salati. Sai ta leƙo ta ce in kawo ruwan ɗumi da almakashi, ko kallona ba ta yi ba. Zanen ya manne da naman. Sai da ta jiƙa shi ta yanka. Ta ce a ƙugunsa na hagu akwai kumburi kamar rabin ƙwan agwagwa, ya fashe yana ruwa, kuma ya daɗe. Kwalbar maganin da na ba shi tana ƙarƙashin katifa, ya daina shafawa tun da wurin ya buɗe, don zafi.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Uda, yayana, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Ke? Kullum kina gaya mini sunan gidan nan a kaina yake. To na riƙe miki shi."

Ki ji magana! Kamar ni na ce ya ruɓe a ɗaki.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tambaye ni me Jakarta ta ce, na ɗauko takardunki na miƙa mata, don ni ba na ɓoye abu in an tambaye ni kai tsaye. Ta karanta masa duka, har wurin da ya sa na wanke hannu. Ina jira ya yi fushi da ke. Refni, dariya ya yi, da zazzaɓin da komai.

"Wannan ne gyaran injin da aka ce ana yi? Da kun tambaye ni mana. Ko tsakiyar kasuwar Bukittinggi ranar Laraba zan tsaya haka, in dai ƙaiƙayin nan zai sake ni."

Uni Jus ta ce, "Rufe mana baki, wa zai saya?"

Ina fushi da shi, babba da shi ya yi shiru kamar yaron da ya yi fitsarin kwance. Ina fushi da ita, da ta yi wata da watanni tana zaune a zaure kamar ba ta da ƙafa, sai yanzu ta tuna tana da kafaɗa. Ke kuma, kin san abin nan zai iya kai wa haka, shi ne kika rubuta shi a layi biyu da "don Allah" kamar mai roƙon gishiri? In abu na rai ne, hawa mota ake yi a zo a buga ƙofa. Ilimin da ba zai iya ɗaga murya a gidan uwarsa ba, ban ga amfaninsa ba.

Da zazzaɓin ya sauka za su hau jirgi, don ba zai iya zaman mota ba. Ita za ta raka shi. Ki tare su.

Mahaifiyarki

Jakarta, Agusta 2002

Amak,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Mintuo tana gaishe ki, ko da yake ba ta ce in rubuta ba.

Sai da aka yi makonni ana wanke gyambon kafin likita ya yarda a fara. An fara ranar Talata. Ban shiga ba, kamar yadda na yi alkawari. Pak Tarigan ya ce da aka nuna wa Kawu yadda zai buɗe ƙafa ya ɗaga hannu, sai ya ce ai wannan tsayuwar silek ce, damben gargajiyarmu, ya iya ta tun kafin a haifi likitan, a faɗa masa wanda zai doka kawai. Abin awon da aka cire daga jikinsa ya yi daidai da lissafina, daga goshi har idon sawu. Ƙaiƙayin ya fara raguwa. Jiya ya yi barci har Mintuo ta tsorata ta taɓa shi.

Sauran ba mai daɗi ba ne. Kumburin ƙugun ya yi zurfin da haskena ba ya kaiwa gindinsa, sai an yi masa wani daban mai ƙarfi. Kuma ciwon ya shiga kaluluwar cinyarsa. Likita ya ce fatar za ta yi sauƙi, zai zauna, zai yi sallah ba susa. Amma abin da zai iya yi mana fata a watan Mayu, yanzu ba zai iya ba. Na tambaye shi ko jinkirin ne. Ya ce ba wanda zai rantse, amma bai taimaka ba.

Kin ce ban ɗaga murya ba. Ke kika koya mini rage ta, Amak. Abu ɗaya na roƙa a watan Afrilu: a buɗe wa mace ƙofar ɗakin mijinta.

Refni

Batusangkar, Satumba 2002

Refni,

Salamu alaikum. Muna lafiya. An fara yankan shinkafa. Ki gaya wa kawunki gonarsa ta yi kyau, ki gaya wa Uni Jus na sa an gyara mata rufin kicin da ke yoyo, kada ta ɗauka wani abu ne, hanya ce ta bi da ni.

Layinki na ƙarshe rashin kunya ne, kuma na ajiye shi, za mu yi maganarsa in kin zo azumi. Ba a yi wa uwa haka ko da an fi ta gaskiya. Sauran takardar na karanta wa babanki, ya tashi ya fita, har yanzu bai taɓa kofin kofinsa ba.

Ranar Juma'a bayan sallah na tara gidan nan, mata da dattawan da suka rage. Na gaya musu abin da likita ya ce, ban rage ba. Kawu Malin, wanda haƙori ɗaya ya rage masa amma bakin bai gaji ba, ya ce ƙaddara ce, kuma al'ada ba ta yi laifi ba, haka aka yi jinyar ubansa da kakansa.

Na ce, "Wa ya duba ƙarƙashin zanen ubanka?"

Ya ce, "Subhanallahi, Darnis, a gaban mutane?"

Na ce, "A gaban mutane. Bayan mutane na gwada, ga inda ya kai mu."

Ya ce in mace ta wani dangi ta kwana a ɗakin gidanmu, me ya rage? Na ce masa gidan nan na mata ne, ni ce babba a cikinsu, ɗakunan nawa ne in ba wanda na ga dama, shi kuwa in ya ƙara magana, ranar da ya kwanta ni zan yi jinyarsa, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ba a daina ɗauko namu ba. Wanda ya kwanta, gidan uwarsa zai dawo, wannan ba mai taɓa shi ina raye. Amma ki rubuta wannan ki ajiye, don wata rana gidan a hannunki zai kasance, ko kina Jakarta ko kina ina. Daga yau, duk namijin da aka ɗauko da ciwo zuwa gidan nan, da matarsa za a ɗauko shi. A ɗakinsa za ta kwana, ita za ta yi masa wanka, ita za ta wanke zanensa, kuma abin da ta gani za ta faɗa mini kafin ta karya kumallo. Wanda ba shi da mata, namiji a cikin dangi zai duba shi duk mako, ko yana so ko ba ya so. Abin da likita ya faɗa a kan jikin mutum kuwa, mai jikin ne zai fara ji, da bakin da aka faɗa, ba ragi. Wanda ya ga wannan ya yi masa nauyi, ya nemi wani gidan ya yi ciwonsa a can.

Mahaifiyarki,
Darnis